Yadda Ake Ratsa Kurmi da Keke Ba a Taka Feda Ba

Kai mai son a kira ka ɗan tseren keke amma cinyarka ba ta son wahala, matso kusa, yau kakarka ta yanke saƙa. Idan ka bi matakan nan yadda na jero su, na yi maka alkawari, kuma ni ba na alkawarin banza: kafin tayar kekenka ta san ɗumin kwalta, za a riƙa nuna ka a kasuwa ana cewa ga gwarzon hanya can. Zufa kuwa ba za ka ga ko ɗigo ba, sai wadda ka zuba wa kanka da hannunka.

Ba a bakin mutane na tsinci wannan ilimi ba. A gida na gan shi, a wurin yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ƙware a fannin har ba shi da na biyu. Muna da ƙungiyar masu keke. Duk ƙarshen mako mukan tashi daga gari, mu haye gada, mu ratsa kurmi, mu hau wani dogon tudu, mu faɗa garin kasuwa da ke samansa mu karya. Ni ke jan gaba, Yaya ke tsaron baya. A tsakaninmu akwai Baba, mahaifinmu, dattijo mai ciwon zuciya, wanda likita ya ce ya riƙa motsa jiki a hankali amma kada ya yi nisa da maganinsa. Ka riƙe maganar Baba a ranka, don duk karatun nan a kansa zai ƙare.

Mataki na 1: Sayi keken da ya fi ƙarfinka

Kada ka kuskura ka sayi keken da ake hawa. Nemi wanda ake kallo. Ya zama siriri, mara nauyi, irin wanda za ka ɗaga da yatsa biyu a gaban jama'a kana cewa, "Ɗan taɓa ka ji." Rashin nauyin nan ba don gudu ba ne, kada mai shago ya ruɗe ka. Amfaninsa zai bayyana nan gaba, lokacin da za ka buƙaci cilla shi bayan mota cikin gaggawa.

Sai kaya. Riga mai kama jiki, wando mai soso a mazaunai, hular kwano mai ramuka, da baƙin gilashi mai ɗaukar ido. Tumbinka zai fito kamar an cusa tulu a cikin safa, amma kada ka damu, ka ce ajiyar ƙarfi ce ta doguwar tafiya. Yaya ya faɗi haka a gaban matarsa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To, Allah ya sa a ci moriyar ajiyar," ta koma kicin tana dariya.

Mataki na 2: Kai ka riƙe baki, ka bar wa wasu feda

Masu keke na gaskiya idan sun sauka ba su da numfashin surutu. Wannan giɓi ne, kuma kai za ka cike shi. Yi magana a kan iska, ka ce yau ta gaba ce, ta hana mutum sakewa. Yi magana a kan giyar keke, a kan man sarƙa, a kan tsayin sirdi. Duk wanda ya zo da sabon keke, tsuguna ka murza tayarsa, ka kasa kunne, ka girgiza kai ka ce, "Uhm. Ba laifi dai." Kada ka ƙara ko kalma. Mutumin zai yini yana tunanin me ka ji.

Za a tambaye ka me ya sa ba ka kunna manhajar nan ta waya, mai nuna inda mutum ya bi da irin gudun da ya yi. Nan sai ka sunkuyar da kai, ka ce kai ba don a gani kake yi ba. Masana sun daɗe da gano cewa tawali'u ya fi dacewa da mutumin da in ya kunna manhaja za ta nuna ya hau tudu da gudun akori-kura.

Mataki na 3: Nemi tsaron baya, amma ka yi kamar an tilasta ka

Wannan ne ginshiƙin sana'ar, don haka buɗe kunne.

Kowace ƙungiyar keke ta kirki tana da doka guda: ba a barin kowa a hanya. Saboda haka akan zaɓi mutum ɗaya ya zama na ƙarshe. Shi ke ɗauke da famfo, da kayan faci, da gorar ruwa ta ƙari, kuma ba ya wuce kowa. Wanda tayarsa ta yi faci, wanda ƙafarsa ta riƙe, wanda jiri ya ɗebe shi, abin da zai yi kawai shi ne ya sauka gefen hanya ya zauna, ya san mai tsaron baya na tafe. A cikin kurmi waya ba ta kamawa, don haka shi ne wayar, shi ne asibitin. In ya iso masauki sai ya ɗaga hannu ya ce, "Baya babu kowa!" Sai a lokacin ake sa hannu a abinci.

Aiki ne da ba mai so, don mutum zai yini yana tafiyar hawainiya a bayan wanda ya fi kowa rauni. Kai kuwa ka lura da abin da sauran ba su lura da shi ba: na ƙarshe shi kaɗai ne ba mai kallonsa.

Kada ka nuna zalama. Bari shugaban ƙungiya ya yi ta cigiya kowa na kallon ƙasa, sannan ka ja dogon numfashi ka ce, "To, tunda ba mai yi, ni zan haƙura da guduna." Haka Yaya ya yi, aka tafa masa. Baba, wanda bai saba yabon 'ya'yansa a gabansu ba, ranar har idonsa ya kawo ruwa. Washegari ya shiga kasuwa da ƙafarsa ya sayo masa takalmin keke, ruwan lemo mai haske, irin wanda ake hangowa daga nesa. Ya ce, "Ungo, Babba, sa wannan, don in na waiwaya in gan ka." Tun daga nan duk wanda ya ce masa, "Dattijo, hanyar nan ba ta yi maka nisa ba?" amsarsa ɗaya ce: "Ɗana na baya."

Ni da na yi shekaru ina fasa musu iska a gaba, ko safa ba a taɓa saya mini ba. Ba ƙorafi nake ba, don cikar bayani na faɗa.

Mataki na 4: Samo direba mai rufin asiri

Tun a ranar farko ka kafa hujja. Ka ce mai tsaron baya na ƙwarai yakan bar tazara mai yawa, don kada ya takura wa na gabansa ko ya sa shi jin kunya. Za a ce kai, mutumin nan akwai lura.

Daga gari zuwa gada hanya shimfiɗaɗɗiya ce, har da ɗan gangare. Wannan kam dole ka taka, ka yi haƙuri, babu sana'ar da ba ta da tata wahalar. Bayan gada akwai kwana. Da zarar bayan na ƙarshe ya ɓace a kwanar, tsaya, nan direbanka zai same ka.

A yi hattara wurin zaɓen direba. Ban da mai kaji, don za ka isa kasuwa da gashin kaza a hula. Ban da mai kifi, ban da mai gawayi. Yaya ya taɓa gwada mai awaki, ya yini yana bayanin cewa haka zufar 'yan wasa ke wari. Daga ƙarshe ya dace da wani mai akori-kura da ke kai kwandunan wofi kasuwa ya dawo da su cike, mutum mara surutu mai babban tamfol. Cilla keken, ka bi shi, ka kwanta tsakanin kwanduna, ka ja tamfol har ka. Rufar nan dole ce, don motar za ta wuce 'yan ƙungiyarku ɗaya bayan ɗaya suna haki a kan tudu. Za ka ji ƙarar sarƙarsu da nishinsu ta cikin tamfol. Kada tausayi ya kama ka, su suka zaɓar wa kansu.

A saman tudu, kafin a shiga gari, akwai tsohon injin yankan katako da aka daina aiki da shi. Nan za ka sauka, ka sallami direba, ka laɓe a bayan katanga kana leƙe ta ramin bulo har kowa ya wuce. Yaya bai taɓa wahalar ƙirga mutane ba. Ya san kullum Baba ne ke zuwa ƙarshe, yana tura keken da hannu a inda tudun ya yi tsauri. Da ya ga farin gemu ya gifta sai ya fito ya bi bayansa. Baba ya waiwaya, ya ga takalmi ruwan lemo, ya yi murmushi ya ci gaba.

Mataki na 5: Haddace hanyar da ba ka taɓa gani ba

Za a yi hirar hanya, kuma ba za ka ce abin da ka gani cikin tamfol ne ba. Ga abin da ke wurin, na ba ka kyauta, ka haddace.

Da an shiga kurmi zafi yakan yanke kamar an rufe ƙofa. Itatuwa sun haɗe kai a sama, rana ba ta saukowa sai tsilli-tsilli, kwaltar kuma da danshinta ko ba a yi ruwa ba. Akwai ƙanshin jiƙaƙƙen ganye. Akwai wurin da birai ke tsallake titi ba sa ko kallon mutum. Akwai 'yar ƙorama da ke bin gefen hanya tana ɓacewa tana dawowa, ruwanta da sanyi har cikin haƙori. Mata masu ɗauke da itace sukan raɓe su ba mu hanya suna yi wa wandunanmu dariya, mu ma mu yi. A ƙasan tudu kuma akwai wata ƙatuwar bishiya da saiwoyinta suka fito waje har ana zama a kai, nan ake shan ruwa kafin a fara hawa.

Ina son hanyar nan, ba na ɓoyewa. Duk lokacin da na ji Yaya na ba da labarinta a cikin mutane, yana ƙara yawan birai, yana ƙara wa tudun tsawo, sai in ji kamar in kifa masa kofin shayi. A lokacin haushin ƙarin gishirinsa kawai nake ji, ban san bai ma taɓa ganin wurin ba.

Gargaɗi ɗaya: kada ka ƙirƙiro abin da babu shi. Yaya ya taɓa yabon kyan gada ta biyu, alhali gada ɗaya ce a hanyar. Aka kalli juna. Sai ya ce ai mai tsaron baya yana ganin abin da masu gudu ba sa gani. Aka gyaɗa kai, har wani ya ce wannan magana ce mai zurfi.

Mataki na 6: Haɗa zufarka

Kafin ka fito daga bayan katanga, buɗe gorar nan ta ƙari, wadda aka ba ka don wanda ya galabaita. Zuba a ƙeya, a ƙirji, a hammata. Kada ka jiƙa ko'ina daidai wa daida, zufar gaskiya ba ta da tsari. Ɗebi ƙura ka shafa a ƙwauri. Riƙe numfashi kaɗan don idonka ya yi ja.

Shiga kasuwar a hankali, ta layin da ya fi cunkoso, tsakanin masu tumatir da masu tukwane, inda dole mai baro ya tsaya ya ba ka hanya, masu awo su ɗago kai. Karkata wuya, ka ɗan buɗe baki. In wata mai sayar da ayaba ta ce maka sannu, kada ka amsa da murya, ɗaga yatsa kawai.

A rumfar mai shayi za ka tarar da 'yan ƙungiya zube a benci, yunwa na cin su, ga burodi a gabansu ba mai taɓawa. Ji daɗin wannan lokacin, don duk bakinka suke jira. Cire safar hannu a nutse, sannan ka ɗaga hannu ka ce, "Baya babu kowa!" Ka fi kowa ci, ai ka fi kowa daɗewa a hanya. In an zo ɗaukar hoto, shiga tsakiya ka ɗaga keken sama, tunda kai kaɗai ke da sauran ƙarfin ɗaga wani abu.

Mataki na 7: Duk amanar da aka miƙo, karɓa da hannu biyu

In suna ya yi kyau, amana ce ke biyo bayansa. Kada ka ƙi karɓa, ƙin karɓa yana jawo tambaya.

Baba na da ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya ɗaure. Yana kuma da mantuwa. Ya taɓa barin kwalbar a aljihun rigar da aka jiƙa, ya taɓa barin ta a rumfar mai shayi. Umma, mahaifiyarmu, ta gaji. Wata safiya muna shirin fita ta tare mu a bakin ƙofa da kwalbar a hannu. Na miƙa hannu, ta kauce.

"Kai da kake can gaba kamar an koro ka, ina za ka san halin da yake ciki?" Ta juya wurin Yaya. "Ungo, Babba. Kai ne a baya, duk inda ya tsaya kai za ka riske shi. Ga amanar mahaifinku nan na ba ka."

Yaya ya karɓa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Ya ce, "Umma, ki kwantar da hankalinki, ai idona na kansa." Ya zuge 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdinsa ya saka kwalbar.

Dubi yadda gwani ke yi, ko ƙiftawa bai yi ba. Ƙaramin maƙaryaci a nan zai tsorata, ya ce gara a rataya wa Baba a wuya. Kai kada ka yi haka. Kwalba ba ta da nauyi, kuma ma ba kai za ka ɗauke ta ba, mota ce.

Mataki na 8: In mota ta tsaya, kada ka motsa

Wannan ce jarrabawar, a nan ake gane wanda ya iya.

Wata ranar fita an kwana ana ruwa, hanya ta yi nauyi. Baba ya iso gindin bishiyar nan ta ƙasan tudu sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure. Ya sauka, ya jingine keke, ya zauna a kan saiwa. Mutum biyun da ke gabansa suka juyo suka ce, "Baba, lafiya?" Ya ɗaga musu hannu. "Ku je abinku, hutawa zan ɗan yi. Ɗana na baya, maganina na wurinsa." Suka tafi hankali kwance, don haka doka ta ce.

Can sai ga akori-kura. Direban bai san dattijon ba, bai taɓa haɗa shi da kayan da ke kwance a bayan motarsa ba. Ya dai ga tsoho dafe da ƙirji a tsakiyar daji, ya taka birki. Abin da suka faɗa, daga bakin direban na ji shi daga baya.

"Baba, jikin ne? Taso in kai ka gari, ga wuri a gaba."

Baba ya dubi motar, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Na gode, ɗan nan. Je ka abinka, ɗana na tafe."

"Baba, fuskarka fa ba ta yi mini ba. Nan daji ne, ko waya ba ta kamawa."

"Na ce maka yana tafe. Ba ya barin kowa."

To, yanzu sa kanka a ƙarƙashin tamfol. Muryar mahaifinka ce, tazarar da ke tsakaninku ba ta fi tsawon keke ba. Kana jin yadda yake jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Kwalbar na nan daidai gwiwarka, a jakar sirdi. Zuciya za ta ce maka yaye tamfol ka diro. Kada ka saurare ta, zuciya ba ta san darajar suna ba. In ka tashi me za ka ce? Daga ina? Da kwando a ka? Lafe abinka. Riƙe numfashi, ai ka saba. Ka ce wa kanka za ka buga wa direba ya tsaya a kwanar gaba. In an zo kwanar, ka tuna akwai 'yan ƙungiya a kan tudu, ka bari sai ta gaba.

Yaya ya ci wannan jarrabawa. Motar ba ta tsaya ba sai a injin katako.

A nan ma da sauran gwaji. Daga bayan katangar nan zuwa gindin bishiya gangare ne zalla. A karo na farko hanya ta nemi ainihin abin da Yaya ya iya, wato tafiya ba taka feda, abin da ake so kawai ya hau ya saki birki. Amma masu hawowa za su ga mai tsaron baya ya ɓullo daga gaba. Sai ya jira suka wuce. Da suka wuce kuma ya tuna Baba ma zai ga ta inda ya ɓullo. Ya tsaya yana leƙen ramin bulo, ko farin gemu zai gifta kamar kullum. Bai gifta ba. Daga ƙarshe ya buɗe gora, ya zuba ruwa a ƙeya, ya nufi kasuwa.

Mataki na 9: Amsa tambaya da tambaya

Za ka shigo kasuwa kai kaɗai, babu dattijo a gabanka. Kada ka ce baya babu kowa, wannan ƙarya ce da za a kama nan take. Kada kuma ka ce akwai, don za a tambaye ka yaya aka yi ka wuce shi. Yi shiru, ka shagala da kwance igiyar hula.

Na miƙe daga benci. "Yaya, ina Baba?"

Ya dube ni, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. "Ba yana tare da ku ba?"

Ka ga ƙwarewa? Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ma juyo da laifin kaina. Da ya sha, ba don mutanen nan biyu sun ce sun bar Baba a gindin bishiya yana jiransa ba, ba don kuma Allah ya sa direban na sauke kwanduna a rumfar da ke kusa ba. Ya ji ana cewa dattijo, ana cewa bishiya, ya saki kwando ya matso.

"Tsoho mai farin gemu? Ai na tsaya masa, ya ƙi hawa, ya ce ɗansa na..." Sai idonsa ya sauka a kan Yaya. Ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Kai ne ɗan?"

Ban tsaya jin amsa ba. Na fizgi jakar sirdin har maɗaurinta ya tsinke, na faɗa gaban motar, direba ya ja. Yaya ya kama ƙarfe ya haye baya. A zaune ya yi wannan tafiyar, tamfol na gefe, kuma ina jin ranar ce ya fara ganin tudun da ya daɗe yana ba da labarinsa.

Muka sami Baba ya zame daga kan saiwa, bayansa jingine da bishiya, leɓɓansa sun bushe sun canja launi. Na lura da abu ɗaya da ban gane ba a lokacin: ba hanyar gada yake kallo ba, inda mai tsaron baya ke fitowa. Tudu yake kallo. Na sa masa ƙwayar a ƙarƙashin harshe, muka ɗauke shi sai asibiti. Tsoron da na ji a cikin motar nan, kan Baba a kafaɗata ina kiran sunan Allah, ba na fatan ko maƙiyina ya ji irinsa.

Mataki na 10: Janye ƙafarka

Likita ya ce saura ƙiris. Ya kuma ce a guji duk abin da zai tayar masa da hankali, don haka muka yi shawara da Umma cewa ba za a faɗa wa Baba maganar tamfol ba. Wannan dama ce, kuma gwani ba ya barin dama. Yaya ya zo dubiya da ledar lemo da labari a shirye: wai tayarsa ce ta fashe tun a gada, wani mai mota ya taimaka masa, ya bi da shi ta wata hanya. Baba ya saurara idonsa a lumshe. Ya ce, "Sannu, Babba. Allah ya kiyaye gaba." Yaya ya fita yana sauke ajiyar zuciya.

Ni kuwa abin na cina. Da muka rage mu biyu na ce, "Baba, don Allah me ya hana ka hawa motar nan? Mutum ya tsaya, ya roƙe ka. Da wani abu ya same ka a wurin fa?"

Ya ɗaga ido ya kalli robar ƙarin ruwa.

"Na ga takalmin," ya ce. "Ƙafa ɗaya ta leƙo ta ƙarƙashin tamfol. Ni na saya, ai ba zan kasa gane shi ba."

Ya ci gaba.

"In na hau, dole a buɗe baya a sa kekena. Ka ga na tona masa asiri a gaban baƙo ke nan. Sai na ce bari in sallami direban. Yaron nan kunya ce ta danne shi, da sun sha kwana zai sauka ya dawo." Ya gyara kwanciya, ya juya fuskarsa bango. "Shi na zauna jira."

Saboda haka, ɗalibina, ga darasin ƙarshe, kuma a kansa kaɗai Yaya ya faɗi: in za ka kwanta a bayan mota, ka janye ƙafarka ciki. Sauran duka ya yi su yadda ake so.

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin komai. Ban san ka ba, ban saya maka keke ba, ban haɗa ka da direba ba. In ƙungiya ta karɓe famfonta, in 'yan kasuwa suka laƙaba maka suna Kwando, in matarka ta daina yi wa tumbinka dariya, in mahaifiyarka ta koma miƙa saƙo ta gefenka zuwa hannun wani, wannan tsakaninka da su ne. Suna na yi maka alkawari, kuma ka samu.

Haka nan babu ruwana in mahaifinka bai taɓa yi maka faɗa ba, ya ci gaba da amsa gaisuwarka da sakin fuska yana tambayar ka iyali. Babu ruwana in wata yamma kana tsaye a ƙofar gida, ya fito da kekensa zai ɗan zaga unguwa, maƙwabci ya ce masa, "Dattijo, kai kaɗai? Wa ke bayanka?" shi kuma ya taɓa kwalbar da ke rataye a wuyansa, ya ce, "Babu kowa," ya hau ya tafi bai waiwaya ba.